Ƙafar Uwar Likita

Ranar da Suwaiba ta iso Furfuri daga Tsafe don jinyar mahaifiyarta, tun daga bakin ƙofa hancinta ya gaya mata abin da aka ɓoye mata a waya. Ɗakin Inna Hanatu ya sha turaren wuta har ya gaji, amma a ƙarƙashin turaren akwai wani wari mai nauyi, irin na naman da aka manta a cikin kwano. Inna na zaune a kan katifa, ta miƙe ƙafar hagu, ta lulluɓe ta da zane biyu a tsakiyar zafin bazara.

"Inna, ya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Kin baro yara lahiya?"

Suwaiba ta durƙusa ta yaye zanen, ta yi salati da ƙarfi. Abin da aka ce mata ɗan kututturen kara ne ya soki Inna a garken awaki ya zama rami a tafin ƙafa. Babban yatsa ya yi baƙi ƙirin, kumburi ya haura idon sawu, fatar tana sheƙi tana tsattsafo da ruwa.

"Inna, Yaya Dakta ya ga wanga abu?"

Inna ta kau da kai zuwa bango, kamar yadda take yi duk lokacin da aka ambaci mutumin. "Ke, rufe mani. Wancan shina aiko da allura, ba ya fashi."

Wancan ɗin shi ne Dakta Tajuddeen, ɗanta na fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba, in ya shigo gaishe ta takan ja mayafi ta dubi bango ta amsa a taƙaice. Haka ta ga uwarta ta yi wa nata ɗan farin, kuma ba wanda ya taɓa cutuwa da wannan kunya, don ɗan farin kakar Suwaiba manomi ne. Na Inna kuwa shi ne likitanta.

Kada ma wani ya ɗauka ɗan damfara ne da ya sayi farar riga a kasuwa. Takardarsa ta gaskiya ce, ya yi karatun, ya yi aikin asibiti, ya san abin da ciwon suga ke yi wa ƙafa sarai. Abin da ya faru shi ne ya je wani kwas na 'yan kwanaki a wani otal a ƙasar waje, ya dawo da satifiket mai bakin zinariya da sabon harshe. Daga nan ba ka jin komai a bakinsa sai feftayid, wasu allurai a 'yan ƙananan kwalabe da ya ce suna shiga su yi wa ƙwayoyin halittar jiki magana su gyara kansu da kansu. Ya buɗe cibiya a Gusau, ya ce ta masu cututtuka masu sarƙaƙiya ce, waɗanda asibiti ya gaji da su. Sabuwar cibiya tana buƙatar shaida, sai ya waiwaya ya ga uwarsa da sugarta na shekaru zaune a Furfuri, ba za ta yi musu ba, ba za ta yi tambaya ba.

Ya tsayar mata da insulin da take karɓa a asibitin gwamnati, ya ce wannan maganin mutanen da ne. Direbansa ya riƙa kawo kwalaben a cikin 'yar kula mai ƙanƙara, mai kemis na bakin kasuwa ya zo ya yi mata a damtse ya tafi. Wata rana da jikin ya ɗan yi dama, aka sa mata atamfarta ta Sallah, aka ɗauke ta bidiyo tana tafiya daga ƙofar ɗaki zuwa gindin mangwaro. Dakta ya watsa a waya da rubutu a ƙasa: Mahaifiyata ce shaidata. Har a Tsafe mata sun tare Suwaiba a gidan suna suna yi mata barka.

Ranar Juma'a bayan masallaci Dakta ya zo. Ya cire takalmi tun daga tsakar gida, ya durƙusa a bakin ƙofa, kansa a sunkuye. Duk wanda ya gan shi a lokacin sai ya yi sha'awar a ce ɗansa ne. Inna ta juya wa ƙofa baya. Haka ake duba mara lafiya a wannan gida: likita na kallon tabarma, mara lafiya na kallon bango, Suwaiba a tsakiya tana kai saƙo kamar ba Hausa ɗaya suke ji ba.

"Suwaiba, tambaye ta ko tana samun barci."

"Ana samu," in ji Inna, ga bango.

"Abinci fa?"

"Ana taɓawa."

"Ma sha Allahu. Kin gani ko?"

Suwaiba ta ce, "Yaya, ba ta barci, ba ta cin komi sai ruwa. Don Allah ka shigo ka duba ƙahwar nan. Yatsan ya yi baƙi."

Ya ɗago ya dube ta kamar ta zage shi. "Subhanallahi! In yaye wa Inna zane? Ke wace irin tarbiyya kika koyo a Tsafe? Ni ɗan fari ne. Ko ita kanta ba za ta yarda ba."

Gaskiya ya faɗa, Inna ta riga ta dafe zanen da hannu biyu. Da Suwaiba ta raka shi mota ta nace, sai ya yi mata bayani a hankali, da irin muryar da ake lallashin wawa. Baƙin da take gani alamar nasara ce, tsofaffin ƙwayoyi ne ke mutuwa don sabbi su samu wurin fitowa. Warin kuma dattin jiki ne ke fita. Ya ce matsalar mutanenmu gajen haƙuri, a ƙara mata allurar ta zama safe da yamma.

Da ya tafi ta ɗauki hoton ƙafar ta tura masa. Ya maido da saƙon murya cewa ya goge bai buɗe ba, kuma kada ta sake turo masa jikin mahaifiyarsa a waya, wannan rashin kunya ne. Mutumin da ya watsa wa duk Zamfara fuskar uwarsa ke nan.

Kwanakin da suka biyo baya Suwaiba ta yi su ne tsakanin murhu da ɗaki. Ta dafa ruwa da gishiri ta wanke ciwon, ta yage tsohon zane ta ɗaure, kafin azahar ya jiƙe ta sake wani. Baƙin ya bar babban yatsa ya kama na kusa da shi. Inna ta riƙa shan ruwa moɗa bayan moɗa ba ta ƙoshi, inda ta yi fitsari tururuwa ta yi cincirindo. Zazzaɓi ya zo ya zauna. Ƙudaje suka gane ɗakin, har Suwaiba ta koma yini da mafici a hannu, ba don zafi ba. 'Yan dubiya kuwa ba su yanke ba, sai dai sun daina zama. Su tsaya daga ƙofa, su ja mayafi su toshe hanci da dabara, su ce ai an gode Allah tunda likita na gida ne, su wuce.

Suwaiba ta sami Baba Ashiru, ƙanen marigayi mahaifinsu, wanda shi ne babba a gidan yanzu. Yana zaure yana jan carbi, kusa da babur ɗin da Dakta ya saya masa.

"Baba, a taimaka a kai Inna asibiti Gusau. Ƙahwar nan ruɓewa takai."

Ya ajiye carbin. "Ke ɗiyar nan, kina da hankali kuwa? Gidan da ad da likita, a ɗauki mara lahiya a kai ma wani likita? Mi duniya za ta ce? Ki kwance ma yayanki zane a kasuwa?"

"Baba, shi bai ko duba ta ba."

"Shi da ya yi karatun har ƙasar Turawa, sai ya duba? Daga nesa ma shina ganewa. Kuma ciwo da sauƙi duk na Allah na. Ga hanya ba lahiya, kina ji kullum ana tare mutane."

Hanyar nan dai ita ce direban Dakta ke bi da kularsa yana komawa lafiya, ita ce kuma Baba Ashirun ke bi ranar kasuwa. Suwaiba ta haɗiye maganar, don ba a mayar wa babba irinta. Takaici ya cika ta har idonta ya kawo ruwa.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne Inna kanta. Da ta ce mata za ta kira mijinta ya zo da mota, tsohuwar ta riƙe mata hannu da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Ban yarda ba, Suwaiba. Mutane na zuwa wurinshi saboda ni. In an gan ni kwance asibiti, na hwaɗa ma duniya wancan bai iya ba ke nan. Ni in zama sanadin zubewar mutuncinshi? Ki bari, da sauƙi."

"Inna, ina sauƙin yake?"

Inna ta rufe ido. Hawaye ya gangaro ta gefen kunnenta, ta goge da bakin mayafi da sauri kamar ta yi laifi.

Ranar Asabar da safe Dakta ya bugo waya, muryarsa cike da fara'a. Ya ce zai zo da baƙi, matasan likitoci da yake koya wa sabon ilimin a ƙarshen mako. A share gida, a ƙara turare sosai, a sa wa Inna safa da zane mai kauri, a jingina ta da filo ta zauna. Safar ba ta shiga ba, ƙafar ta fi ƙarfinta. Suwaiba ta jefar da ita bayan gado.

Suka iso da hantsi, suka yi layi a ƙofar ɗaki da littattafansu. Dakta ya tsaya a gefe, bayansa ga ɗakin, fuskarsa ga ɗalibai, ya shiga darasi. Ya ce wannan ita ce ainihin mara lafiya mai sarƙaƙiya, ga suga, ga hawan jini, ga ƙoda ta fara gajiya, ga shekaru. Tsohon tsari zai cika ta da ƙwayoyi har ta mutu, shi kuwa ya koma tushe, yana magana da ƙwayar halitta kai tsaye. Ya jero sunayen allurai masu haruffa da lambobi, ɗalibai suna rubutawa. A bayansa Inna na zamewa daga filo a hankali, leɓenta a bushe, tana kiran sunan mijinta da ya daɗe a ƙasa tana tambayarsa ko ya ba awaki ruwa.

Wata daga cikin ɗaliban, doguwa mai farin gilashi, ta daina rubutu tun da ta matso kusa da ƙofar. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ko za a ba ni izini in duba ƙafarta? Ni mace ce, ba matsalar kunya."

Dakta ya yi murmushi. "Likita, wannan mahaifiyata ce, ba abin gwaji ba ce. Mu girmama ta."

Wasu har da gyaɗa kai don jin daɗin wannan magana. Da za su tafi, mai gilashin ta nemi buta, Suwaiba ta kai ta bayan ɗaki. Ba alwala ta zo yi ba. Ta rage murya ta ce, "'Yar'uwa, na san warin nan. Ku kai ta babban asibiti yau. In kuka ƙara kwana, ba maganar ƙafa za a yi ba, maganar rai za a yi." Ta ajiye butar ta bi sauran zuwa mota, ta zauna a bayan malaminta.

Ƙurar motarsu ba ta kwanta ba Suwaiba ta kira mijinta Mannir, direban haya tsakanin Tsafe da Gusau. Ya sauke fasinjojinsa a tasha ya taho. Wannan karon Inna ba ta hana ba, don ba ta san inda take ba. Suwaiba ta goya uwarta kamar jaririya, ta ɗaure da zane, ƙafar na reto. A zaure Baba Ashiru ya miƙe ya tare hanya.

"Ba da yawuna ba! Duk abin da ya biyo baya ke kika jawo."

"Na ji, Baba. Matsa mani in wuce, tana da nauyi."

Ya matsa. Mannir na tsaye a waje ya buɗe ƙofar baya, ya sunkuyar da kai kamar yadda suruki ke yi, har aka kwantar da ita.

A babban asibitin Gusau ba a ɓata lokaci ba. Likitan fiɗa, wani dattijo mai furfura, ya yaye zanen da hannunsa, ya duba, ya danna sama da gwiwa, ya tambayi wanda ke kula da sugarta. Suwaiba ta sunkuyar da kai, har yanzu tana jin nauyin ambaton yayanta. Da ya ga ragowar kwalaben da ta zo da su a leda, bai sake tambaya ba. Ya ce da an zo tun farko da wanki da magani sun isa, da an zo daga baya da yatsa kawai za a cire. Yanzu sai dai a yanke daga saman gwiwa, kuma a yi addu'a. Suwaiba ta dangwala yatsa a takarda tana kuka.

Sai washegari da hantsi, bayan an gama aikin, Dakta Tajuddeen ya iso, Baba Ashiru na biye da shi. Farar shadda ce a jikinsa, sai ƙamshi yake. Bai tambayi yadda aka fito da Inna daga ɗakin fiɗa ba. Ya ja Suwaiba gefen baranda yana huci.

"Kin san abin da kika yi min? Rabin ma'aikatan asibitin nan sun san ni. Saura ƙiris maganin ya kammala aikinsa kika katse shi. Ni ma na san ba a ajiye allurar nan cikin sanyi yadda na ce ba, kuma waye ya san abin da kuke ba ta ta ci a ɓoye?"

"Ruwa," in ji Suwaiba. "Ruwa kaɗai take sha."

Dattijon likitan ya fito daga ɗakin marasa lafiya, ya gane shi, ya tsaya. Bai miƙa masa hannu ba. Ya ce, "Tajuddeen, insulin da ka tsayar mata, ai shi ma feftayid ne. Ko ba a kai nan ba a otal ɗin?" Ya wuce abinsa.

Dakta na gyara hula, sai ga wata ma'aikaciya ta turo ɗan keken asibiti. A kai akwai wani abu dogo, an naɗe shi da leda an sake naɗewa da farin ƙyalle, an ɗaure bakinsa biyu.

"Ina dangin Hanatu Furfuri? Namiji ya karɓa, a kai maƙabarta a rufe. Ba ma ajiyewa."

Baba Ashiru ya tuna bai yi walaha ba, ya nufi masallaci da sauri. Ido ya koma kan Dakta. Ya mayar da hannayensa baya ya haɗe su, ya ce shi dai kowa ya san matsayinsa, ɗan fari ne, ba zai iya ba. Kuma but ɗin motarsa akwai kular magani, ba a haɗa ta da irin wannan.

Suwaiba ta sa hannu biyu ta ɗauki ƙunshin. Ya fi yadda ta zata nauyi. Ta matsa gabansa har farin ƙyallen ya kusa taɓa shaddarsa.

"Yanzu ba ta jikinta, Yaya. Ba sauran kunya. Karɓi ka duba."

Ya ja da baya har ya bugi bango. Wayarsa ta yi ƙara, ya ciro ta kamar wanda aka ceto daga rijiya, ya juya ya nufi ƙarshen baranda yana cewa, "Na'am Alhaji, akwai wuri ranar Litinin, ku kawo shi. Hajiya? Alhamdu lillahi, tana hutawa."

Mannir ne ya taso daga kan benci. Tun da ya auri Suwaiba bai taɓa haɗa ido da Inna ba, bai taɓa shiga ɗakinta da takalmi ba, in ya hango ta a hanya yakan sauka ya durƙusa. In ana maganar kunya, tasa ta fi ta kowa a wurin. Ya ce bismillahi, ya karɓi ƙafar surukarsa ya rungume a ƙirji, ya tafi da ita neman mai haƙa.

Za a ci gaba da cewa Dakta Tajuddeen yaro ne mai ladabi, don har gobe zai cire takalmi daga tsakar gida. A Furfuri an riga an fara cewa da ba don alluransa ba da tuni Inna ta rasu, kuma ƙanwarsa ce ta yi gaggawa. Ba wanda zai ce mutumin nan ya sami al'adar da aka yi don a girmama uwa, ya mayar da ita labulen da zai ɓuya a baya kada ya ga aikin hannunsa. Ya san abin da ke ƙarƙashin zanen tun ranar da aka ce masa yatsa ya yi baƙi. Kunyar uwarsa ba ita ta hana shi dubawa ba, tsoron abin da zai gani ne, da abin da ganin zai tilasta masa ya faɗa wa masu layi a cibiyarsa.

Da la'asar Inna ta farfaɗo. Ta daɗe tana kallon silin, sannan ta kai hannu a hankali ta shafa inda bargo ya kwanta shafal a ƙasan cinyarta. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi inda aka kai ƙafar ba. Ta juyo ta dubi Suwaiba.

"Wancan ya zo?"

"Ya zo, Inna."

Tsohuwar ta yi ƙoƙarin jawo bargon ta ƙara rufe wurin. "Kada ku bari ya gan ni haka. Hankalinshi zai tashi."

Suwaiba ta karɓi bakin bargon ta gyara mata, ta soke shi a ƙarƙashin katifa.

"Kwantar da hankalinki, Inna. Bai gani ba."